Ko Kun Sani? Bangon da aka ɗinka da murafan kwalba

El Anatsui, mai fasaha haifaffen Ghana a 1944, ya fara koyarwa a Jami'ar Najeriya da ke Nsukka a 1975. Da can yumɓu yake ginawa, yana kuma sassaƙa itace da zarto mai inji. Daga baya ya koma kan murafan kwalaben barasa da aka zubar. Mataimakansa kan baje kowane murfi, su huda shi, su ɗinke dubbai da wayar jan ƙarfe har su zama ƙaton mayafi. Daga nesa sai ka rantse zinariya ce. Sai ka matso za ka ga sunan kamfanin giya. Abin burgewa, ba ya gindaya yadda za a rataye aikin, kowane gidan nuni ya lanƙwasa yadda ya ga dama. A 2015 aka ba shi lambar yabo ta Zakin Zinare a bikin baje kolin fasaha na Venice.