Gasa ko caca: inda doka ta yarda a kafa fage

Duk mai son shirya gasar dara, ludo, karta ko ƙwallon PlayStation a Galma Koudawatché ko cikin garin Madawa, kafin ya nemi fili sai ya san daga ina kyautar gwani za ta fito. In ƴan wasa ne suka zuba kuɗi wanda ya ci ya kwashe, mutanen gari caca za su kira abin, ko da an rubuta gasa a ƙofa. In kuwa wani attajirin albasa ko wata ƙungiya ce ta ɗauki nauyin kyautar, ba a karɓi ko dala daga ƴan wasa ba, magana ta sauya.

Irin wasan ma yana da tasiri. Dara, da gurabunta 30 da ƴaƴa 12 ga kowane ɗan wasa, lissafi ce zalla, babu sa'a a cikinta. Karta da ludo kuwa rabi dabara ne rabi sa'a, shi ya sa aka fi zarginsu, kuma mai gida ya fi jinkirin ba da aron rumfarsa dominsu.

A Nijar doka ɗaya ce daga Tawa har Difa: wasannin sa'a na kuɗi suna hannun LONANI, kamfanin gwamnati mai sayar da tikitin PMU na tseren dawakin Faransa. Kantoman gari zai iya ba da gidan matasa ko filin kokowa, amma ba shi da ikon halatta caca. Kokowar ma ita ce misalin da ya fi kusa. Tun gasar ƙasa ta farko a Tawa a 1975, hukuma da masu hannu da shuni ke ba da kyaututtuka, ƴan kokowa ƙarfinsu kawai suke kawowa.

Tsallaken iyaka lamarin ya fi sarƙaƙiya. Ranar 22 ga Nuwamba 2024 Kotun Ƙolin Najeriya, a ƙarar da Legas ta shigar tun 2008, ta yanke cewa dokar caca ta tarayya ta 2005 ba ta aiki a jihohi sai a Abuja. Yanzu kowace jiha da nata hukunci. Abin da Legas ke ba wa lasisi tana karɓar haraji, a Sakkwato da Kano laifi ne a dokar Shari'a, kuma wata guda kafin hukuncin Hisbar Kano ta rufe shagunan caca kusan 30.

A ƙauye, gaskiya, takardar hukuma ba ta isa ita kaɗai. Sai an sanar da mai gari, an ji ta bakin liman, an tsayar da wasa lokacin salla. Abin da ya fi wuyar tsarewa shi ne ƴan kallo masu yin fare a gefe, don haka masu shiri kan sa shela ta hana shi, su kuma ajiye dattijo ɗaya ko biyu a bakin fage.