Haƙƙin da masu wayar Android ba su san suna da shi ba

A kasuwar waya ta Farm Centre da ke ƙaramar hukumar Tarauni a Kano, ɗaya daga cikin ayyukan da masu gyara suka fi yi shi ne sake ɗora wa waya manhajarta idan ta rikice, abin da aka fi sani da filashin.

Abin da mai gyaran ke ɗorawa dai manhaja ce wadda aka riga aka juya ta zuwa lambobin da na'ura kaɗai ke ganewa. Zai iya saka ta ta yi aiki, amma ba zai iya karanta ta ko ya gyara wani kuskure da ke cikinta ba.

Kafin a kai ga wannan mataki, akwai asalin rubutun da masana suka yi da hannunsu, wanda mutum ke iya karantawa ya kuma sauya. Wannan shi ne tushen manhaja, kuma matsayinsa kamar na zanen gini ne ga gida: ana iya zama a gidan ba tare da shi ba, amma ranar da bututu ya fashe cikin bango ake sanin amfaninsa.

Sharaɗin lasisi

Duk wayar Android, ko Tecno ce ko Infinix ko Samsung, tana ɗauke da Linux a can ƙasanta, wato ɓangaren da ke haɗa sauran manhajoji da allo da batir da ma'adanar wayar.

Linus Torvalds, ɗan ƙasar Finland, shi ne ya fara rubuta Linux a shekarar 1991 yana ɗalibi, daga baya kuma ya sanya shi ƙarƙashin wani lasisi da ake kira GPL, wanda Ba'amurke Richard Stallman ya fito da shi a 1989.

Lasisin ya yarda kowa ya kwafi manhajar, ya sauya ta, har ma ya sayar. Sharaɗinsa shi ne duk wanda ya rarraba ta ga jama'a, to dole ne ya ba su tushenta, har da sauye-sauyen da shi kansa ya yi.

Zubi na biyu na lasisin, wanda Linux ke kai har yanzu, ya ba kamfani zaɓi: ko dai ya haɗa tushen da kayan da yake sayarwa, ko kuma ya ba da rubutaccen alkawari na aƙalla shekara 3 cewa zai bai wa duk wanda ya nema, ba tare da cajin da ya wuce kuɗin kwafa da aikawa ba.

Manyan masu haɗa Linux na kwamfuta sun daɗe da bin wannan hanya. Debian, wanda aka kafa a 1993, yana ajiye tushen kowace manhaja a wuri guda da wadda aka riga aka juya, haka ma Ubuntu da ya biyo baya a 2004.

Me ya shafi mai saye?

Akasarin masu waya ba za su taɓa karanta tushen manhaja ba, to amma suna cin moriyar waɗanda ke karantawa.

Kamfanoni kan daina aika wa waya gyaran tsaro bayan 'yan shekaru, alhali kuwa a Kano waya takan bi hannu biyu ko uku kafin a yar da ita. Idan kamfanin ya saki tushen Linux na wayar, masu aikin sa kai irin na LineageOS kan iya haɗa mata sabuwar manhaja, ta ci gaba da aiki. Idan bai saki ba, aikin kan yi wuya ƙwarai.

An ga misalin haka a 2003, lokacin da aka gano cewa wata na'urar rarraba intanet ta kamfanin Linksys tana amfani da Linux. Bayan matsin lamba kamfanin ya saki tushen, kuma daga nan ne aka samu manhajar OpenWrt a 2004, wadda a yau ake sakawa a ɗaruruwan nau'o'in irin waɗannan na'urori.

Kotuna ma sun shiga batun. A 2006 wata kotu a birnin Frankfurt na Jamus ta samu kamfanin D-Link da laifin saɓa wa lasisin, a ƙarar da wani masani Bajamushe, Harald Welte, ya shigar.

Inda haƙƙin ya tsaya

Sai dai kuma haƙƙin bai game dukkan abin da ke cikin waya ba. Mafi yawan Android yana ƙarƙashin wani lasisi ne daban mai suna Apache, wanda bai tilasta wa kamfani bayyana sauye-sauyensa ba, yayin da manhajojin Google irin su Play Store da Gmail rufaffu ne.

Haka kuma kamfanoni da dama na kulle wayoyinsu ta yadda ko da an samu tushen, ba za a iya ɗora wata manhaja ba sai da izininsu.

Duk da haka, mai gyara ko ɗalibin kwamfuta zai iya farawa daga wayar da ke hannunsa. A cikin saitin wayar Android akwai sashen bayanan shari'a da ke jera lasisin manhajojin da ke ciki, kuma galibi a nan ne, ko a takardar da ke cikin kwali, ake samun bayanin yadda za a nemi tushen daga kamfanin.