Akwa: Kasuwar da Ake Ci da Hasken Rana

Kasuwar akwa, dutsen ado mai launin shuɗi, ba ta da rumfa ko tambari. Matashin Gwarzo ko Kabo da ya shiga harkar duwatsu, ƙafarsa Jos za ta nufa, inda kayan Nasarawa Eggon da na Gwantu ta kudancin Kaduna ke haɗuwa da masu saye, har da 'yan Mali da Senegal da Gini. A barandar gida ake cinikin, ko a ɗaki kusa da taga. Dillali ya zaro ƙunshin farar takarda daga aljihu, ya warware, sai ga tsakuwa shuɗi-shuɗi, garau kamar ruwan rijiya a farin kwano.

Mai saye ba ya gaggawa. Zai jiƙa dutsen, ya ɗaga shi a hasken hantsi, ya haska masa tocila ta gefe yana neman tsaga. Zurfin launi ne kuɗin, sannan tsabta, sannan girma. Ɗanye da giram ake aunawa, yankakke da karat, karat 5 ne giram 1. Algus ma na nan: fasasshiyar kwalba, wadda ƙwayoyin iska a cikinta kan tona asirinta, da shuɗin tofaz, wanda ya fi akwa nauyi a tafin hannu.

Akwa da zumurrudu gidansu ɗaya, wato beril, sinadarin ƙarfe ne ya ba ta launinta. Mai ratsin kore akan gasa ta a zafi kusan digiri 400 ta koma shuɗiya zalla, kuma mai amana yakan faɗa kafin a yi sallama.

Abin da ke ci mini rai shi ne rabon. Wanda ya shiga rami da diga ya sayar a ɗanye, ya karɓi na cefane. Ribar tana Bankok da Jaifur da Idar-Oberstein ta Jamus, wurin masu yanka da gogewa. Da yaranmu sun iya yankan nan, da ba haka ba.

Adana akwa kuwa ba wuya. Taurinta 7.5 zuwa 8 ne a ma'aunin Mohs, safayar Mambila 9, don haka in aka cusa su jaka ɗaya safaya za ta karce ta. Kowane dutse da takardarsa. Wanki da ruwan ɗumi da sabulu da tsohon buroshi mai laushi, a cire zobe kafin a kama taɓarya ko a matsa kusa da murhu.