Ƙwayoyin Ƙasa Masu Kashe Kaifin Dafi

Duk wanda ya bi hanyar Jos zuwa Bukuru da Barikin Ladi ya ga manyan kududdufan da masu haƙar kuza suka bari. Turawa sun fara haƙar nan tun wajen 1904, har kasuwar kuza ta faɗi a 1985. Yau da ruwansu ake noman rani, ana shayar da dabbobi. Amma fa ƙasar da aka tona takan saki ma'adinai cikin ruwa, waɗansunsu kuwa in sun yi yawa dafi ne.

Mu ɗauki misalin siliniyam, wani ma'adini da aka gano a Suwidin a 1817. Jikin baligi yana bukatar maikurogiram 55 nasa kowace rana. In ya wuce kima, gashi ya zube, farce ya lalace, kofaton dabba ya tsage. A 1983, a tafkin Kesterson na Kalifoniya a Amurka, ruwan da ya kwararo daga gonakin ban-ruwa ya tara shi, har tsuntsaye suka riƙa ƙyanƙyashe 'ya'ya nakasassu.

To, masana sun gano cewa waɗansu ƙwayoyin bakteriya da ke zaune cikin ƙasa da laka suna sarrafa narkakken siliniyam, su mai da shi jan gari wanda ba ya narkewa. Da haka kaifin dafinsa ke raguwa ƙwarai, a iya tace shi a fitar. Ƙwayar garin nan ƙanƙanuwa ce, da nanomita ake aunata, watau kashi ɗaya cikin miliyan na milimita. Ana binciken amfaninta wajen haɗa magani, da abincin dabbobi, da na'urorin hasken rana. Ga tsabtar ruwa, ga kayan sana'a.

Amma kowane dafi da irin maganinsa, ba a kuwa sanin abin da ke cikin kududdufi sai an auna. Saboda haka Ma'aikata tana kira ga jama'a:

1. Kada a sha ruwan kududdufin kuza sai ma'aikatan lafiya sun gwada shi.
2. Kada a zuba baƙin mai ko ragowar maganin feshi a ciki, gama suna kashe ƙwayoyin da ke yi mana aiki.
3. In an ga alamar ciwo ga dabba, a sanar da malamin dabbobi nan da nan.

Lalle rigakafi ya fi magani.