Wa Ke Shan Wutar Malam?

Gidan haya ne mai sassa huɗu a wata sabuwar unguwa a gefen Kano, kowane sashe da mitarsa ta kati. A sashen farko, na dab da ƙofar shiga, wani malamin sakandare ne ke zaune da matarsa da 'ya'yansu biyu. Kayan wutarsu ba su taka kara sun karya ba: fanka uku, ƙaramin firji, talabijin, dutsen guga, hitar ruwa, sai ƙwayayen fitila marasa shan wuta. Amma katin naira 10,000 ba ya wuce musu mako biyu. Maƙwabcinsa na sashe na uku, ɗan kasuwa mai firiza da yara biyar, shi ma katin 10,000 yake sa wa, ya kuma kai kusan wata guda kafin mitarsa ta fara kuka.

Zargin farko a cikin gida ya faɗa. Malam ya ce hitar da uwargida ke dafa ruwan wankan yara ce ke lashe wutar. Aka naɗe hita aka jefa ƙarƙashin gado, guga ta koma sau ɗaya a mako. Kati na gaba ya ƙara kwana ɗaya tak a kan na baya. Uwargida ba ta ce uffan ba, ta dai ɗauko hitarta.

Zargi na biyu daga majalisar bakin masallaci ya fito. Aka ce ai an ƙara kuɗin wuta. Gaskiya ne, a watan Afrilun 2024 hukumar NERC mai kula da harkar lantarki a Najeriya ta ɗaga farashin rukunin A, wato masu samun wuta aƙalla awa 20 a rana, daga wajen naira 68 zuwa naira 225 kan kowane yunit. Sai dai unguwar su Malam ko a mafarki ba ta ganin wutar awa 20. Kuma rukuni na layi ne gaba ɗaya, ba na ɗaki ba. Sassan huɗun a taransifoma ɗaya suke, a falwaya ɗaya, don haka babu yadda za a yi farashi ya ciji sashe ɗaya ya bar uku.

Wannan ne ya sa Malam ya yi abin da bai taɓa yi ba tun da ya tare. Shi dai ya saba ya miƙa wa mai POS kuɗi, a karanto masa lambobi 20, ya danna a mita, ya wuce. Ranar sai ya ja maƙwabcin nasa suka tafi tare, kowa ya sayi na 10,000, suka ce a buga musu cikakken rasit. Na maƙwabci ya nuna yunit 143. Na Malam ya nuna 100. Farashin yunit ɗaya ne, harajin kashi 7.5 cikin ɗari ɗaya ne. Bambancin yana wani ɗan layi a ƙasa wanda babu shi a ɗaya rasit ɗin: an cire naira 3,000, biyan bashi. A saman takardar kuma, inda ake rubuta mai asusu, sunan Alhaji mai gida ne.

Malam bai taɓa cin bashin wuta ba, mitar kati ma ba ta ba da bashi. To na wa yake biya?

A ofishin kamfanin raba wuta aka buɗe masa tarihin asusun. Asusun ya girmi mitar da shekaru. An buɗe shi tun lokacin da ake kawo bil na ƙiyasi, a rubuto wa mutum abin da aka ga dama ko ya ga wuta ko bai gani ba. Sai a Fabrairun 2020 ne NERC ta sa iyaka kan abin da za a iya ƙiyasta wa marar mita, a ƙarshen shekarar kuma gwamnatin tarayya ta fara shirin raba mitoci kyauta. A wannan rabon ne sashen ya samu mita. Da aka kafa ta, ba a buɗe sabon asusu ba, tsohon aka mayar na kati, da duk abin da ke kansa. Abin da ke kansa kuwa ya haura naira 400,000, kuma tun daga ranar duk wanda ya sayi kati a sashen, sai an yanki wani abu an rage bashin.

Malam ya nufi wakilin gidan, wanda ke karɓar haya, da rasit a hannu. Wakili ya ce shi haya ya sani, maganar wuta tsakanin mai haya ne da masu wuta. Malam ya wuce gidan Alhaji.

"Baba Alhaji, ga abin da na gano. Duk katin da na saya, kusan kashi ɗaya cikin uku bashin da ke kan sunanka yake tafiya."

"Malam, sunana ne, amma ba ni na sha ba. Wani ɗan haya ne da ya zauna kafin a kawo mita, ya yi ta gardama da masu wuta ya ƙi biya, ya kwashe kayansa ya bar garin. Ka neme shi."

"Baba, ni ma ai ba ni na sha ba."

A nan aka tsaya, kowa da gaskiyarsa a hannu. Da a ce Malam ba mai koyar da lissafi ba ne, da an ce an gano bakin zaren. Amma da ya dawo gida ya zauna da biro, sai lissafin ya ƙi rufuwa. Firji wajen yunit ɗaya a rana. Fanka uku masu wat 70, awa takwas, bai kai yunit biyu ba. Talabijin da fitilu da guga da hita su cike sauran. Duka-duka yunit huɗu a rana. Ko da an bar shi da yunit 100 ɗin, ya kamata su kai shi kwana 25. Kwana 14 suke yi. Bashi ya bayyana giɓin da ke tsakanin kuɗi da yunit. Akwai wani giɓin tsakanin yunit da ɗakin Malam, wajen yunit uku kullum, kuma wannan ba ya cikin kowane rasit.

Sai aka kira mai gyaran wuta. Ya zo da rana tsaka, akwai wuta. Ya ce a kashe komai, a zare firji daga soket. Ya nuna wa Malam wata 'yar jar fitila a jikin mitar, da rubutu a gefenta mai nuna tana ƙiftawa sau 1,000 kafin a sha yunit ɗaya. Idan wani ya ja waya yana shan wutar a ɓoye, za ta ci gaba da ƙiftawa ko da an kashe komai. Suka tsura mata ido minti goma. Ko motsi ba ta yi ba. Sannan ya karɓi hitar uwargida mai wat 1,000, ya tsoma a bokiti ya kunna rabin awa cif. Mita ta ci rabin yunit, ba ƙari ba ragi.

"Malam, mitarka lafiyarta ƙalau, kuma yanzu dai babu mai jan wutarka."

"Injiniya, to aljanu ne ke sha?"

"Na ce yanzu. Ka riƙa rubuta abin da mita ta nuna sau huɗu a rana, ka kira ni bayan mako."

Takardar da Malam ya cike ta nuna abin da gwajin rana ya kasa nunawa. Daga safe zuwa la'asar, raguwa kaɗan. Daga magariba zuwa kwanciya barci, daidai da fanka da talabijin. Amma tsakanin kwanciya da dawowa daga sallar asuba, yunit huɗu zuwa biyar ke ɓacewa, alhali fanka biyu da firji ne kawai ke aiki. A daren da aka kwana babu wuta kuwa, washegari da hantsi ne ramin ke bayyana, da zarar an kawo ta.

Malam ya sa agogo ya tashe shi ƙarfe uku. Ya zauna gaban mitar da tocila, ya kashe fankoki, ya zare firji. Jar fitilar ta yi tsit. Wajen ƙarfe huɗu saura ya ji takun takalmi a tsakar gida, ya ji an danna wani abu, sai fitilar ta kama ƙiftawa ba ƙaƙƙautawa, kusan duk daƙiƙa uku. Daga saman bene kuma ya jiyo ruwa yana zuba cikin tanki. Ya miƙa hannu ya sauke babban makunnin sashensa. Zubar ruwan ta tsaya cak. Maigadin gidan ya ɗaga kai ya dubi fitilar ƙofar maƙwabta tana ci, ya ce da ƙarfi, "Ikon Allah, wuta ga ta, inji ya mutu!"

Ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa. Injin rijiyar burtsatsen da ke shayar da sassa huɗu, da maigadi, da maƙwabtan da ke zuwa ɗiba da jarka, a mitar Malam yake. Inji ne mai ƙarfin doki ɗaya da rabi, wato wajen wat 1,100. Awa uku kullum, yunit uku da 'yan kai ke nan, kusan ɗari a wata. Maigadi da dare yake kunna shi saboda lokacin ne wuta ta fi ƙarfi, shi ya sa gwajin rana bai kama komai ba.

Mai gyara ya bi wayar. Ba sabuwa ba ce, ba a kuma ja ta ta taga ba. A cikin bango take, an binne ta tun ana gini, ta fito daga akwatin fis ɗin sashen Malam ta bi ƙarƙashin daɓe zuwa rijiya. Nan ne abubuwan biyu suka haɗu. Sashen farko shi Alhaji ya fara ginawa, a ciki ya zauna yana ƙarasa sauran. Shi ne sashen da aka fara ja wa wuta, shi ya sa asusunsa ya tsufa har ya tara bashi, kuma daga shi aka ja wa rijiya wuta don a samu ruwan gini. Sauran ukun daga baya suka samu asusu, wanke tas. Duk wanda ya kama sashen farko, ya gaji tarihin gidan duka bai sani ba. Wanda ya riga Malam zama a sashen, shekara ɗaya ya yi ya tashi, yana cewa sashen ba shi da albarka.

Tambaya ɗaya ta rage, kuma uwargida ce ta yi ta. Duk wata kowane sashe yana ba wakili naira 2,000 da sunan kuɗin wutar ruwa, har da su. Idan mitarsu ce ke ɗauke da injin, wace mitar ake sa wa wannan 8,000 ɗin? Aka zagaya gidan aka ƙirga. Mita huɗu ce, babu ta biyar.

A zauren mai unguwa aka baje komai: rasit biyu, takardar lissafi, da shaidar maigadi. Wakili ya ce kuɗin yana tafiya ne a gyaran famfo da ihsanin maigadi. Maigadi ya ce, "Ranka ya daɗe, ni albashina kawai na sani." Alhaji ya ce wallahi ya manta da wayar, kuma ba a musa masa ba, don mai niyyar sata ba ya binne waya shekaru kafin ɗan haya ya zo. Amma a kan bashi bai samu mafita ba. Ƙa'idar NERC ita ce bashin wuta na wanda ya sha ne, ba a ɗora wa sabon shiga, kuma mai tashi daga gida ya kamata ya sanar da kamfani a rufe lissafinsa. Ba a yi hakan ba, asusun kuma da sunan Alhaji yake, shi ne ya bar ɗan haya ya tafi bai nemi shaidar biya ba.

Mai unguwa ya yanke cewa a lissafa duk abin da aka cire wa Malam na bashi, a rage masa daga hayar baɗi. Wakili ya dawo da kuɗin ruwan da ya tara, a biya Malam wutar injin daga ciki. A raba wayar rijiya da sashen farko, Alhaji ya nemo mata mitarta, kafin nan kuɗin ruwa hannun Malam za a riƙa kai shi. Shi kuma Alhaji ya rubuta wa sashen ƙorafi na kamfani a sake duba tsohon ƙiyasin. Idan kwana 15 na aiki suka wuce babu gamsasshiyar amsa, akwai ofishin sauraron ƙorafi na NERC a gaba.

Abin da ya fi ɗaure kai a ƙarshe shi ne sauƙin hujjojin. Rasit ɗin kullum ana iya buga shi, jar fitilar kullum tana jikin mita. Mai neman haya kan duba rufi ko yana yoyo, ya murɗa famfo, ya leƙa banɗaki, amma yana jin nauyin tambayar dattijo ko ana bin gidansa bashi. Wata goma sha takwas Malam ya yi yana biyan kuɗin wannan kunyar. Da lokacin sabunta haya ya yi, ya ce sai an ƙara abu uku a yarjejeniya: lambar mita da sunan mai asusu, bashin da ke kanta a ranar sa hannu, da duk abin da mitar ke ɗauka wanda ba na cikin sashen ba. Alhaji ya yi ɗan gunaguni cewa zamani ya zo da rashin yarda, sannan ya sa aka rubuta haka a takardun sauran sassa ukun ma.