Kafin Ka Ɗaura Wa Bindigar Farauta Madubi a Khartoum

Duk mafaraucin da ya fara kafa ido a madubin bindiga sai ya yi murmushi. Barewar da ke can nesa kamar ɗigo, sai ga ta kusa, har kana ganin motsin kunnenta. Amma madubin abu ɗaya yake kusanto maka, sauran dajin kuwa ya ɓoye shi. Iya yadda ka ƙara masa ƙarfi, iya yadda filin ganinka ke tsukewa. Yaron da ke kiwon awaki ɗan gefe kaɗan ba zai shigo cikin da'irar ba, alhali ko ƙaramin harsashi mai lamba .22 yana iya cin fiye da kilomita ɗaya da rabi in ya kuskure. A bakin Farin Nilu, wajen Jabal Auliya, gonaki da rugage a manne suke da juna.

Saboda haka kada ka mai da madubin tabarau na hangen nesa. In ka leƙa mutum da shi don ka gane ko wane ne, bakin bindiga ka nuna masa.

Sai girarka. Madubin kirki yana barin tazarar santimita 8 zuwa 10 tsakaninsa da ido. In ka matso da fuska, bindiga ta yi tokari, ƙarfen zai tsaga maka gira. Madubin jabu, mai sunan babban kamfani a jikin kwali, saitinsa kan goce bayan harbi kaɗan, ka raunata dabba ta tafi ta mutu a banza. Ƙurar guguwar habub kuma in ta kwanta a gilashi, hure ta tukuna. Gogewa da gefen jallabiya kankare shi take yi. Da tsakar rana kawalwalniya kan sa abin da kake auna ya riƙa rawa.

Babbar damuwar dai ba ta daji ba ce. Tun ranar 15 ga Afrilun 2023, da yaƙi ya ɓarke tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF, mutanen Khartoum da Omdurman sun san abin da bindiga mai madubi ke yi daga saman dogayen benaye. Soja sun karɓe fadar shugaban ƙasa a Maris na 2025, amma shingayen bincike ba su kau ba, zukata ma ba su huce ba. Wanda aka tsare a gada da irin wannan kaya a bayan mota, da wuya a saurari zancen farautarsa, ko da yana da lasisi a aljihu. Ɗan'uwa, in ka riga ka sayi madubin, kwance shi daga bindigar, ka ajiye su daban a kulle, inda yara ba za su kai ba, sannan ka je ofishin 'yan sandan kula da namun daji ka ji abin da doka ta yarda da shi yanzu.