Mota Mai Tuƙa Kanta: Ina Direban Ya Shige?

Duk lokacin da na ji gidajen rediyonmu sun ce "jirgi marar matuƙi", sai kunnena na malamin harshe ya ƙi amincewa, domin kuwa galibin jiragen nan suna da matuƙa, illa dai suna zaune ne a wani ɗaki mai nisa. To, mai karatu, wannan rikicin suna shi ne yanzu ya sauko kan titi.

A shekarar 2004 hukumar binciken sojan Amurka, DARPA, ta shirya tseren motoci marasa direba a hamadar Mojave, amma ba wadda ta kai ƙarshe. Wadda ta fi ƙoƙari ba ta cika kilomita 12 ba. Shekara ɗaya tak bayan haka, motar Jami'ar Stanford ta kammala kilomita 212. Yau ga motocin Waymo suna ɗaukar fasinja a Phoenix da San Francisco, kujerar direba wayam. Sai dai idan mota ta rikice, akwai ma'aikata a ofis da ke ba ta shawara. A Ostireliya ma, manyan motocin ɗaukar tama na kamfanin Rio Tinto a yankin Pilbara daga birnin Perth ake lura da su, tazarar kusan kilomita 1,500. Ashe direba bai ɓace ba, ƙaura ya yi.

Abin tambaya shi ne, idan an yi haɗari, wa za a kama? A watan Maris na 2018 motar gwaji ta Uber ta kashe wata mata a Tempe, jihar Arizona. Ba a gurfanar da kamfanin bisa laifin kisa ba. Ma'aikaciyar da aka zaunar a kujerar direba ita ce ta amsa laifi a 2023. Motar "mai tuƙa kanta" ce a bakin jama'a, amma da aka je kotu sai ga direba ya bayyana!

Shi ya sa nake ganin hukuncin wata kotun Munich a 2020 ya yi daidai, da ta ce tallan da Tesla ke yi da sunan Autopilot yana yaudarar masu saye. Birtaniya kuwa, a dokarta ta 2024, ta ɗauke laifin tuƙi daga wuyan mutumin da ke cikin mota muddin na'ura ce ke jan ragama.

A nawa hasashen, motocin da ake sa wa ido daga nesa su ne za su riga yaɗuwa, mutum ɗaya yana lura da motoci da dama, saboda a nan ribar kamfanoni take. Amma ina so masu doka su fara faɗa mana mota nawa idon mutum ɗaya zai iya riƙewa, da kuma sunan wanda ke tuƙi a daƙiƙar da layin sadarwa ya yanke.